Ranar Kwance Igiya

Wata huɗu ke nan da na ɗaura igiya a bakin tiken Kumo,
da hannuna, ƙulli biyu.
Na ce huhu ya shiga garke,
kada saniya ta fita, kada ta shigo.
Juma'a uku ba wanda ya miƙo mini hannu a masallaci.

Yau takarda ta zo daga Gombe da hatimi,
wai in kwance.
Wallahi ɗaurawa ta fi sauƙi.
Mai ɗaure igiya, tsoro ke taya shi ja,
mai kwancewa shi kaɗai yake tsaye.

Na hau bayan a-kori-kura da lasifika mai shaƙewa.
Ardo Gidado na gindin tsamiya, sanda a kafaɗa.
Goma sha ɗaya ya binne da damina,
har da farar da ya gada wajen mahaifiyarsa.
Bai ɗaga murya ba.
Ya ce, Malam, ka ce cuta, muka ce to.
Yau ka ce babu. Ina ta tafi?
Motar kudu ta hau, ko kun gaji da gadi ne?

Kasuwa ta yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

A aljihuna akwai jawabin da aka rubuto mini,
komai ya wuce, kowa ya kwantar da hankali.
Na taɓa takardar, na bar ta inda take.

Na ce, Ardo, ban ce babu ba.
Kwana arba'in da biyu ban ji tari ba
a ruga sittin da uku da na taka
da babur ɗin nan da kuka sani.
Bakwai ban kai ba, can bayan Pindiga, rafi ya hana.
Cikin shanu goma, takwas mun yi wa allura.
Biyun nan su ke hana ni barci.
Wuta ta mutu, amma ba na rantsuwa a kan toka.

Wani dillali ya ce, to don me za ka buɗe?

Na ce don igiyar ma kisa take yi, a hankali.
Ta kife ƙwaryar Adda Dudu mai nono,
ta koro 'ya'yan mahauta daga makaranta,
ta koya muku bin hanyar dare da shanu
inda idona ba ya kaiwa.
Gara ku wuce ta gabana, rana tsaka.

Abin da ya rage roƙo ne, ba doka ba.
Wadda ka saya, ware ta mako uku
kafin ta sa baki a ruwan garke.
In ta miƙe wuya tana nishi, kira ni ko tsakar dare ne,
ba zan zo da ɗan sanda ba.
In kuwa cutar ta dawo, ni zan fara faɗa,
a nan, kan motar nan, kafin rediyo,
in sake ɗaure igiyar,
ku sake daina gaishe ni.

Shiru, sai ƙudaje.

Ardo ya tofar da tuƙar goro, ya matso.
Ya ce, karanto lambar taka.
Jikansa ya rubuta a damtse da bakin biro.

Ƙullin ya sha ruwa, ya sha rana, ya ƙi yatsuna.
Ardo ya zaro wuƙa, ya dube ta, ya mayar kube.
Ya ce, kar a yanke, wataƙila a neme ta.
Muka tsuguna mu biyu,
shi da farce, ni da haƙori.

Bai kawo ko maraƙi ba ranar.
Ya ce sai ya ga kasuwa uku tukuna.
Ban ce masa komai ba.
Na naɗe igiyar, na ɗaure a bayan babur,
inda kowa zai gan ta in na wuce.